Maƙalar da Aka Rasa a Rumbu

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni dai ina tsaka mai wuya. Malamin da ya duba kundin digirina ya ja layi a ƙarƙashin wata maƙala da na kafa hujja da ita. Ya ce in kai masa ita ranar Litinin, in ba haka ba babu ni babu gamawa bana.

Kwana uku ke nan ina laburare, a gaban kwamfutar nan mai linzami da ke maƙalewa. Na saka sunan marubucin a rumbun mujallu, babu. Na saka take, babu. Ma'aikaciyar laburaren ta tausaya mini, ta gwada rumbuna huɗu. Mujallar tana nan, shekarar tana nan, amma abin da ke shafin wata maƙala ce daban a kan kiwon kifi.

Gaskiya ban taɓa karanta ta ba. Daga kundinka na kwafo sunanta. Don Allah duba kwalayen takardunka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Wa alaikumus salam Auta,

Kowa lafiya. Ke dai akwai gaggawa, kamar an biyo ki. Sauya rubutun sunan ki sake gwadawa. Kwalayena ruwa ya taɓa su bara, amma zan duba.

Ki gaida Mama.
Yayanki

*

Salam Yaya,

Ina gaisuwa. Na sauya har na gaji. Ma'aikaciyar ta rubuta wa masu mujallar, sun ce ba su taɓa buga ta ba. Malam yana so ya san inda na samo ta. In na faɗa, za su sauko da kundinka daga kantar laburare, kuma da wannan digirin kake koyarwa. Tsoro nake ji, Yaya. Me zan ce?

Na bar ka lafiya,
Auta

*

Salam Auta,

Babu ita. Ni na ƙirƙiro ta, shekarar da Baba yake kwance a asibiti, malamina ya matsa sai na kawo madogara. Ban taɓa zaton wani zai buɗe kundin nan ba, balle ke. Ba zan iya cewa ki faɗa ba, ba zan iya cewa ki yi shiru ba. Ki yafe mini.

Yayanki

*

Salam Yaya,

Na je wurin Malam. Sau uku ya tambaye ni, na ce ban tuna ba. Sun cire sunana daga jerin masu gamawa.

Mama ta riga ta kai ɗinkin kayan da za ta sa ranar yaye mu. Kai za ka faɗa mata, ni na kasa.

Ka huta lafiya,
Auta