Kwalbar Abarba da Ta Fashe

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji da yara. Yaya ciwon ƙafar nan? Mu dai sai godiya.

Yaya, na haɗa ruwan abarba don sadakar arba'in ɗin baban Ummi, yadda yake so. Na jiƙa ɓawon da citta da kanumfari, na tace, na ɗura a kwalabe. Sai sojoji masu bore suka soma harbi ta wajen unguwar Miskine, ba wanda ya iya zuwa. Tsoro ya mantar da ni sassauta murafan, ruwan ya yi ta tsami cikin zafi. Jiya da azahar kwalba ɗaya ta fashe da ƙara kamar bindiga.

Ummi ta ƙwalla ihu da yaren Sango, “Mama, turugu!” wato sojoji, ta ruga titi. Da ƙyar na cafko ta, ana ta harbi. Yanzu ko ƙofa aka buga sai ta shige ƙarƙashin gado.

Ni takaba ta ɗaure ni. Na rasa ubanta, ba zan iya rasa ta ba. Don Allah Alhaji ya turo a ɗauke ta zuwa wurinku a Garwa.

Ki gaida Inna, ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Safiya