Kifi a Akwatin Shawara

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan hancinka ya warke. Kwana uku ina gida tun da Manaja ya dakatar da ni, ko leƙe ba ka yi ba.

E, ni na zura ɗanyen kifi a akwatin shawara. Wata huɗu ana buga mu kamar ƙwallo. An sauya lokacin aiki sau uku, an kwashe kekunan ɗinki daga bakin taga zuwa lungu mai duhu, an kawo injin yanka ba a koya wa kowa ba. Duk Litinin a tara mu a sa mu tafi, Manaja ya ce, "Ku jure, ku rubuta damuwarku, ina karantawa." Ni allo kawai na yi, amma na san mai buɗe akwati ba ya barin kifi ya kwana shida a ciki. Manaja yana toshe hanci yana cewa jiya ya karanta!

Ka huta lafiya,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Wannan ba abin dariya ba ne. Ni na tsaya maka aka ɗauke ka, ni ne kuma mai kula da sashen, kunyar a kaina ta sauka. Manaja ya ce ka zo ran Litinin ka ba da haƙuri a gaban kowa, ko ka nemi wani aikin. Umma ba ta sani ba tukuna. Kada ka bari ta ji.

Allah Ya shirye ka.
Yayanka

*

Ranka ya daɗe Mai Kula da Sashe,

Ina gaisuwa, tunda dole ce.

Haƙurin me? Jiya na je duba Baba mai yankan yadi na sashenmu. Shekara ashirin yana riƙe almakashi bai taɓa ko ƙwarzanewa ba, sabon injinku ya cinye masa yatsu biyu. Sau biyu yana sa a rubuta cewa injin ba shi da murfi, ni da hannuna na jefa masa takardun.

Sai ga maigadi ya zo dubiya. Ya ce ranar da aka kafa akwatin, a gabansa Manaja ya miƙa maka makullin. Kai, Yaya! Ashe a aljihunka kifin ya ruɓe. Kana tsaye kusa da mu kana tafi, kana cewa mu yi haƙuri da sauyi.

Ba zan durƙusa ba. In ka ga dama ka je ka ba Baba haƙurin.

Wassalam,
Autan da ya kunyata ka

*

Auta,

Salamu alaikum. Makullin yana wurina, ban taɓa karanta ko takarda ɗaya ba. Tsoro na ji kada a ce sashena ne mai yawan ƙorafi, Manaja kuma bai taɓa tambaya ba.

Ko ranar da na cire kifin a ɓoye ban taɓa takardun ba, sai yau na buɗe na kwashe su. Takarda arba'in da ɗaya, biyu na Baba, duk suna ƙarni.

Ka zo ran Litinin ka tsaya kusa da ni, ka rufe bakinka. Ni zan karanta su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. In an kore mu tare, kai za ka gaya wa Umma.

Sai mun haɗu.
Yayanka