Motar da Na Zaɓa wa Rakan

Jarwal, Makka

Yaya Mudassir,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya su Mujahida da karatu? Ni lafiya lau, ina ci ina sha.

Ka tambayi maganar aikin direba. Maigidana Rakan, mai dafa wa alhazai abinci, ya tafi da ni mu zaɓo babbar akori-kura da za ta ja tirelar kicin ɗinsa. Shi ƙyalli ya ɗauke masa ido. Ni kuwa na shige ƙarƙashi, yadda muka saba a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, na ce, "Alhaji, ɗauki mai dizal, mai taya bibbiyu a baya. Waccan ado ce." Ya ce, "Wallah kai mu'allim ne, ya Mahadi. Makulli naka ne."

Mota tana jan tirela kamar ba komai. Makulli kuwa yana hannun wani mai iƙama, wato takardar izinin zama, don takari irina marar takarda ba ya wuce shingen 'yan sanda. Ni nake ɗaura masa ƙugiyar tirela, in wanke taya, in ɗaga masa hannu ya tafi.

A turo min yaji. Idan Inna ta tambaya, ka ce ana kan magana. Haka Rakan ma yake ce min.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Mahadi