Italiyancin da Ka Yi wa Maryam Alkawari

Sani ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya iyali, ya sanyin Italiya?

"Yaya, duk Juma'a zan kira Maryam mu yi Italiyanci." Maganarka ce. Ka koya mata "ina ci, ina sha," ka ɓace.

Ni kuwa na roƙi matar kafilina, mutumin da ya tsaya min na samu takardar zama, ta nema mata aiki wurin masu shigo da tayil daga Italiya a unguwar Bagdadiyya, na ce 'yata ta iya harshen. Jiya Baturen kamfanin ya tambaye ta da Italiyanci inda take zaune, ta tsaya tana kallonsa, a gaban matar. Har yanzu na kasa haɗa ido da ita.

Sun ce ta dawo bayan wata.

Gai da Zainab, a sa mu a addu'a. In ba ka kira Juma'ar nan ba, Inna zan gaya wa, halas, magana ta ƙare.

Yayarka,
Hauwa