Inuwar Tsamiya Ta Juya

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya Legas? Mu nan Kiru lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Ranar Alhamis shugaban makarantarmu ya sa na kai ɗalibai wani lambun shaƙatawa a Bebeji. Na rubuta musu takardar tambayoyi, kowace amsa ta nuna musu inda za su nufa, ba tare da jagora ba. Sau uku na auna hanyar da ƙafata. Tambaya ta huɗu ta ce su bi inuwar tsamiya taku sittin.

Yaya, da hantsi na yi awon, mu kuwa bayan la'asar muka isa. Inuwar ta koma gabas, wajen magudanar ruwa. 'Yan mata shida suka bi ta, ɗaya ta zame ta faɗa ruwa har ƙugu. Mai gadin lambun ne ya jawo ta. Ya dube ni ya ce, "Malam, a jami'ar ba a gaya muku inuwa tana juyawa ba?"

Ba ta ji ciwo ba, amma mahaifinta zai zo makaranta ranar Litinin, ga shi ba a tabbatar mini da aikin ba tukuna. Zan faɗa musu, shi da shugaban makarantar, cewa kuskuren nawa ne, ba na yaran ba.

Ka taya ni da addu'a, kuma kada ka sanar da Inna yanzu. A gaida Yaya Binta da yara.

Ƙaninka,
Habibu