Ƙorafi Kan Mayar da Majinyatan Malam Sali Cikin Ɗaki

Zuwa ga: Mai Girma Wakili mai kula da tsafta da lafiyar unguwa, Unguwar Hausawa, New Bell, Duwala.

Daga: Malam Zailani Hamadu, malamin yara, layin bayan kasuwa, New Bell.

Litinin, 9 ga Satumba, 1957.

Game da: Umarnin da aka ba gidan ɗori na Malam Sali na ya mayar da majinyata cikin ɗaki a wannan lokaci na annobar mura.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni majinyaci ne a gidan Malam Sali maɗori tun ranar 20 ga Agusta, da kekena ya zame a taɓon bakin kasuwa, gwiwata ta dama ta goce. Keken dai bai ji ko ƙwarzane ba.

1. Malam Sali gwani ne, ba na shakkar hannunsa. Sai dai ɗakin aikinsa taga ɗaya gare shi, ita ma a toshe da tsumma, domin a wurinsa iska ita ce babbar maƙiyiyar ƙashin da ke jinya. Kowane majinyaci kuma da 'yan dubiyarsa. Kowa ya shigo sai ya ba kowa hannu, ya sha ruwa da moɗar da kowa ya sha, sannan ya zauna ya ba mu labarin yadda kakansa ya karye. Da murar nan ta shigo gari, in mutum ɗaya ya fara tari a wannan bango, kafin a kwance masa ɗauri an amsa masa daga wancan.

2. Na yi ta lallashin Malam Sali, shi yana jan ƙafata, ni ina jan hankalinsa, har ya yarda muka koma rumfar kwano da ke ƙofar gidansa. Muka ba da tazara tsakanin tabarmi. Kowa ya zo da kofinsa. 'Yan dubiya suna gaisuwa daga bakin hanya, su wuce. Mai zazzaɓi ya zauna gida sai ya warware. Malam yana wanke hannu da sabulu da ruwan zafi bayan kowane mutum, haka ma matarsa Malama Hawa'u da ke yi wa mata tausa a bayan asabari. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne tofi, don ya ce ɗorin da ba tofi ɗaurin itace ne kawai. Daga ƙarshe ya amince ya riƙa yin addu'ar bakinsa a rufe da rawani, ya shafa da hannu. Majinyata sun yi gunaguni, amma ba ƙashin da ya ƙi kamawa.

3. Ranar Alhamis, 5 ga wata, wani duba-gari da ke aiki ƙarƙashinka ya biyo layin, ya gan mu kwance a rumfa da karare a ƙafafu. Ya ce muna tsorata masu wucewa, kuma magani a ɗaki ake yinsa. Ya umarci a mayar da mu ciki, in ba haka ba a rufe gidan ranar Jumma'a, 13 ga wata. Na yi masa bayani da Hausa, na sake da ɗan Faransancin da nake da shi, bai saurara ba. Ɗakin da ya tura mu kuwa ko leƙa shi bai yi ba. Amma na shaida yana da ladabi, ya gaishe ni da kyau kafin ya tafi.

4. Malam Sali ya fi kowa murna. Ya ce ga shi hukuma ma ta tabbatar iska ba ta da amfani. Tun kafin la'asar aka koma ɗaki, tsumma na nan a taga. Jiya Iya Hapsatu, dattijuwar da ake gyara wa kafaɗa, ta kwana da zazzaɓi da tari. Mace ce mai raunin ƙirji, kuma a rumfa lafiyarta ƙalau.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Wakili da ya janye wannan umarni, ya bar mu a rumfa har annobar ta wuce. In ganinmu ne ke damun masu wucewa, za mu rataya asabari ta ɓangaren hanya, a bar sauran ɓangarorin a buɗe. Ina kuma roƙon a turo wanda zai shiga ɗakin ya zauna daidai tsawon ɗauri ɗaya, sannan ya yanke hukunci.

Ni dai tun ranar Alhamis ban koma ba, domin ba zan ɗauko mura in kai wa 'ya'yan mutane da aka ba ni amana ba. Malam Sali ya aiko mini cewa in mako ya wuce ba a ja gwiwar ba, za ta sandare ke nan. A tabarma nake koyar da yara, ranka ya daɗe, a kanta kuma nake sujada. Ina fatan amsarka za ta iso ƙafar tana lanƙwasuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ɗauke mana wannan annoba.

Naka mai biyayya,
Malam Zailani Hamadu