Lanƙwasar Bayan Baba

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya maigidan da yara? Da fatan kuna lafiya a Fatakwal. Mu nan Birnin Gwari sai godiya.

An yi wa Baba aikin ƙashin baya, mun dawo gida. Inna tana goge masa jiki ta ga ƙugunsa ya lotsa, ta ce likita ya bar aikin a karkace. Ba da sanina ba ta aika aka ɗauko maɗori daga Kusasu, wai ya danne wurin ya miƙe. Na tarar da Baba a kife kan tabarma, mutumin yana naɗe hannun riga. Da ƙyar na hana shi.

Da na tambayi likita, ya ce lotsawar nan lanƙwasar baya ce, kowa da ita Allah ya halicce shi. Duƙon noma ne ya ɓata ta Baba, ita aka gyara masa.

Yanzu yana takawa da sanda, salla kuwa a kan kujera. Jiya ya ce mini, "Sani, goshina yana kewar ƙasa."

Ki roƙa masa Allah ya sake ba shi ikon sujada. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Sani